Ko 'Yar Tsana Za Ta Kai Labari A Zamanin Wayar Hannu?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Nima ana saura kwana biyu Sallah, ko ya sauka Makola a irin wannan lokaci, zai tarar da teburan masu kayan wasan yara sun cika maƙil. A gefe guda ga bindigogin roba masu walƙiya, ga motoci masu rimot, ga wayar ƙarya da ke rera waƙa da zarar an danna ta. A ɗaya gefen kuma ga 'yan tsana a jere cikin leda, dogaye sirara, gashi ruwan zinare har gadon baya. Yara na kiran su Barbie, ko da kuwa kamfanin Barbie bai san da zamansu a duniya ba. Sai ka ga uwa ta tsaya da 'yarta, kuɗin hannunta na abu ɗaya ne tak. Yarinyar ta dubi wannan ta dubi wancan, amma hannunta ɗaya na riƙe da wayar uwar, ta ƙi saki.

Masu sana'ar kayan wasa a duniya sun fi shekara 20 suna tambayar kansu ko 'yar tsana za ta rayu a tsakanin na'urori masu batir da allo. Su ribarsu suke dubawa. Mu kuwa a Nima da Mamobi abin da ya shafe mu shi ne yadda 'ya'yanmu mata za su shafe 'yan sa'o'in da suka rage musu tsakanin tashi daga boko da tafiya makaranta, da kuma abin da zai shiga kansu a cikin waɗannan sa'o'in.

Daga ina wannan doguwar ta fito?

'Yar tsana ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Kakanninmu mata sun yi ta da kara, sun yi da ƙashi, sun yi da yumɓu, suka ɗaura mata ƙyalle, suka goya ta, har biki suke yi mata da tuwon ƙasa. Waccan jaririya ce ko amarya, gwargwadon abin da mai ita ta ga dama a ranar. Doguwar da ke kan tebur a Makola wani iri ne daban: an ƙera ta da siffar budurwa, kuma an yi ta ne musamman domin a riƙa canza mata kaya.

Wata Ba'amurkiya mai suna Ruth Handler ce ta fito da ita, a ƙarƙashin kamfanin Mattel, ranar 9 ga Maris 1959, a wajen baje kolin kayan wasa na birnin New York. Ta lura cewa 'yarta Barbara ta fi son yanka hotunan manyan mata na takarda tana sa musu kaya, a kan renon jaririn roba. Da ta je Turai ta ga wata 'yar tsana ta Jamus mai suna Lilli, sai ta ɗauki samfurin. An sayar da Barbie ta farko a kan dala 3. Dabarar kasuwancin tana cikin kayan: sau ɗaya za a sayi 'yar tsanar, amma riga da takalmi da jaka da gida da mota ba sa ƙarewa.

Sama da shekara 50 tana cin kasuwa. Sannan aka fito da iPad a 2010, wayoyi masu shafawa suka cika gidaje, ciniki ya fara ja da baya. A 2012 Mattel ya sayar da kayan Barbie na kusan dala biliyan 1.3. Zuwa 2015 abin ya sauko kimanin dala miliyan 900. Babban kantin kayan wasan yara na Amurka, Toys R Us, ya durƙushe a 2017, ya rufe shagunansa na ƙasar a 2018. A lokacin mutane da yawa sun yi wa 'yar tsana jana'iza tun tana numfashi.

Ba ta mutu ba. A 2021 cinikin Barbie ya kai kusan dala biliyan 1.7, wato ya zarce inda yake kafin faɗuwar. Zaman gida na lokacin korona ya taimaka, domin iyaye sun gaji da ganin yara manne da allo tun safe har dare. Amma farfaɗowar ta fara kafin korona, kuma yadda ta faru shi ne abin lura.

A 2016 kamfanin ya amince da sukar da aka daɗe ana yi masa, cewa babu mace mai rai da ke da irin wannan ƙira, kuma mafi yawan 'yan matan duniya ba farare ba ne masu shuɗin ido. Sai ya fito da sababbin siffofi uku, mai jiki da doguwa da gajera, da launin fata iri-iri. A 2017 ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, wadda aka yi da siffar Ibtihaj Muhammad, Musulma baƙar fata 'yar Amurka da ta ci lambar tagulla a wasan takobi a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Abu na biyu shi ne allon kansa. Mutane na magana kamar 'yar tsana da allo abokan gaba ne tun fil'azal, alhali da tallan talabijin Barbie ta shiga gidajen Amurkawa tun shekararta ta farko. Yau kuma tana da zane-zanenta a YouTube, tana da wasanninta a waya. Fim ɗinta na 2023 ya tara sama da dala biliyan 1.4 a gidajen kallo, ko da yake ba don ƙananan yara aka yi shi ba, iyaye su san da wannan. Yarinyar da ta nuna doguwar 'yar tsana a kasuwar Nima, sau da yawa a wayar uwarta ta fara ganin ta.

Wani abin mamaki kuma, duk lokacin da aka yi ƙoƙarin mayar da ita na'ura, sai abin ya ƙi. A 2015 Mattel ya fito da Hello Barbie, wadda ke haɗe da intanet, tana naɗar muryar yarinya ta tura wa kwamfutocin kamfani, amsa ta dawo ta bakinta. Iyaye suka yi ca, suna tambayar wane ne ke sauraron hirar 'ya'yansu a ɗakin kwana. Ba ta daɗe a kasuwa ba. A Fabrairun 2017 hukumar sadarwa ta Jamus ta haramta wata irinta mai suna Cayla, ta ɗauke ta a matsayin na'urar leƙen asiri, ta shawarci iyaye su lalata ta. Tsugune dai ba ta ƙare ba, domin a 2025 Mattel ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin OpenAI don shigar da ƙirƙirarriyar basira cikin kayansa. Amma ya zuwa yanzu, wadda ba ta magana ita ce ta riƙe kasuwa.

Musulmi ba su jira Mattel ba

Kafin Amurkawa su farga, wasu sun riga sun ga giɓin. A 2002 Iran ta fito da Sara da Dara, cikin kayan gargajiyar ƙasar. A 2003 wani kamfani mai suna NewBoy ya fito da Fulla daga Siriya, da abaya da mayafi, wasu har da dardumar salla, kuma ba a yi mata saurayi ba kamar yadda aka yi wa Barbie nata Ken tun 1961. Fulla ta mamaye shagunan ƙasashen Larabawa cikin 'yan shekaru, ita ma da taimakon talla a tashar yara ta talabijin.

Nan kusa da mu, a Legas, Taofick Okoya ya nemi baƙar 'yar tsana don ya yi kyauta ga wata yarinya a danginsu bai samu ba, sai ya kafa Queens of Africa a 2007. Uku ya fara da su: Nneka ta Ibo, Wuraola ta Yarbawa, da Azeezah ta Hausawa, kowacce da irin shigar mutanenta. A ƙarshen 2015 kuma wata matashiya 'yar Ilorin, Haneefah Adam, ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna da hannunta tana sa hoton a Instagram da sunan Hijarbie. Ba ta da masana'anta, allura ce da zare da ƙyalle, amma labarinta ya zaga duniya kusan shekara biyu kafin Mattel ya yi tasa mai hijabin.

Me malamai suka ce?

Uba a Zango kan yi wannan tambayar kafin ya tambayi farashi, kuma ya yi daidai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Uwar Muminai A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW) tare da ƙawayenta. Idan ya shigo sai ƙawayen su ɓuya don kunya, shi kuma ya turo mata su su ci gaba da wasansu. Abu Dawud ya kawo cewa wata rana iska ta yaye labulen ma'ajiyarta, ya ga 'yan tsanarta, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Da ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakan Annabi Sulaiman (AS), ya yi dariya. Haka nan Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz (RA) ta ba da labarin cewa sukan yi wa yara abin wasa na ulu ranar Ashura, don su shagala da shi har a kai ga buɗa baki.

Da waɗannan ruwayoyi ne mafi yawan malamai suka keɓe abin wasan yara mata daga hanin da ya zo a kan surori. Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa da muke saurare a masallatanmu, yana cikin waɗanda suka tabbatar da haka, da dalilin cewa yarinya na koyon reno da riƙon gida tun tana ƙarama. An ruwaito cewa Imamu Malik bai so sayensu ba, malaman mazhabarsa kuma suka fassara hakan da ƙin mayar da abin sana'a ga mai mutunci, ba hana yara wasa ba. Mawardi ma ya kawo cewa a zamanin halifa Muƙtadir, mai kula da hisba a Bagadaza, Abu Sa'id Isɗakhri, ya bar kasuwar kayan wasan yara tana ci, bisa hujjar wasan A'isha.

Inda aka yi saɓani a wannan zamani shi ne na roba masu cikakkiyar fuska da gaɓoɓi. Wasu, irin su Shehu Ibn Usaimin, sun ga cewa na ƙyalle da auduga, marasa cikakkiyar sura, su suka fi kama da na A'isha kuma sun fi kuɓuta daga shubuha. Wasu kuma sun ce rangwamen ya haɗa duka tunda dalilin ɗaya ne. Kowa ya koma ga malaminsa. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne bambanci tsakanin abin wasa da abin da aka rataya wa imani. Akua'ba ta Asante, mai faffaɗan kai, wadda mace mai neman haihuwa ke goyawa a al'adarsu, tana da nata matsayi a wurin masu ita, kuma ba ita ake nufi da abin wasa a wannan babi ba.

Abin da ke faruwa a lungunanmu

Lissafin Mattel na masu dala ne. A Nima, Barbie ta ainihi sai a manyan kantuna irin na Accra Mall, ko a cikin dilar gwanjo, ko a jakar ɗan'uwan da ya dawo daga Jamus ko Amurka. Abin da ke kan teburan kasuwa yawanci daga ƙasar Sin yake, kuma haka ma motocin rimot da bindigogin da ke kusa da su. Tsakanin waɗannan biyun, ni a ganina 'yar tsana ba ta da abin tsoro. Motar batir kwana nawa take yi? Araha ba ta ado. Batir ya ƙare, ko waya ta tsinke a ciki, ko ruwa ya shiga, shi ke nan ta zama shara, ta bi kwata zuwa babban magudanar da ke tsakanin Nima da Mamobi. 'Yar tsana kuwa ko hannu ɗaya ya fita, ko gashi ya cakuɗe, tana nan tana aiki, har ƙanwa ta gada.

A nan bari in ɗan ratse. Yawancin ƙananan kayan wasa masu walƙiya suna ɗauke da batir mai kama da kwabo, kuma murfinsa ba ya da ƙarfi. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin sa'a biyu. Wanda ya yi zargin haka ya faru, ya nufi asibiti nan take, kada ya tsaya jiran alama.

Ba a wurin motar rimot gizo ke saƙa ba, a wurin wayar mama yake. An riga an saye ta, a Circle ko wani wuri, don ciniki da MoMo da gaisawa da dangi a WhatsApp. Miƙa wa yarinya ita ba ya cin ko sidi ɗaya a lokacin, sai dai data da caji. 'Yar tsana kuwa sabon kashe kuɗi ne, kuma wanda ya ga yadda tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022 ya san inda abin wasa yake a jerin buƙatun gida. Ga kuma matsalar wuri. Iyali a ɗaki da falo, tsakar gida ta haya cike da murhu da bokiti da igiyar shanya, lungu kuma babura na wucewa. Wasan 'yar tsana na son a baje, a kira ƙawaye, a yi surutu. Waya ba ta son komai sai kusurwar katifa. Uwar da ta tashi tun asuba tana suyar ƙosai ko dafa wake da shinkafa na sayarwa, idan ta miƙa waya don ta samu sararin minti 30, ban ga wanda ya isa ya zarge ta ba.

Kuma wayar ta san abin da 'yan mata ke so. Wasannin sa wa mace kaya da kwalliya sun cika ta, kyauta, da riguna ɗari-ɗari. Wato 'yar tsanar ce ta koma cikin gilashi. To mene ne bambancin?

A cikin waya, wani ne ya riga ya zana rigunan, ya tsara abin da zai biyo baya, ya kuma saka talla a tsakani, wani lokacin tallan da babba ma zai kau da kai. Aikin yarinya shi ne ta zaɓa ta danna. 'Yar tsana ta hannu kuwa kurma ce, bebiya. Idan ana so ta yi magana, sai yarinyar ta ara mata baki. Ita za ta zama uwa, ta zama 'ya, ta zama malamar makaranta mai tsawa, ta yi faɗa ta kuma yi sulhu. Ku saurari yarinya tana wasa ita kaɗai a bayan ƙofa, za ku ji muryarku a bakinta, da Hausarku, da irin yadda kuke rarrashi da yadda kuke zagi. Wasu iyayen a nan suke fara jin kansu.

Masu bincike a Jami'ar Cardiff ta Birtaniya sun auna wannan a 2020. Sun duba ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara 4 zuwa 8 suna wasa, suka ga cewa sashen da ke aiki wajen fahimtar tunanin wani da halin da yake ciki yana motsawa lokacin wasa da 'yar tsana ko da yaro shi kaɗai ne, fiye da yadda yake yi idan shi kaɗai ne da allo. A faɗi gaskiya, Mattel ne ya ɗauki nauyin binciken, kuma yaran ba su da yawa, don haka kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Sai dai bai faɗi abin da kakanninmu ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, wadda ba ta sayar da 'yar tsana, ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, sannan daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce sa'a ɗaya a yini.

Ba ina cewa waya ba ta da amfani ga yaro ba. Akwai waɗanda suka gyara karatun Alƙur'ani da ita, akwai waɗanda suka koyi haruffa. Kuma yarinyar da za ta yi rayuwa a Accra ta gobe dole ta san na'ura. Abin da na lura da shi kawai shi ne shekarun wasan 'yar tsana suna raguwa. Da yarinya kan kai 11 ko 12 tana yi. Yanzu da ta kai 8 ko 9, ta ga 'yan ajinsu na kwaikwayon rawar TikTok, sai ta fara jin kunyar a gan ta da goyon roba. A nan ne allo ya ci nasa rabon. 'Yar tsana za ta ci gaba da sayuwa, amma zamanta a hannun kowace yarinya ya gajarta.

Akwai wani abu da muke da shi wanda yaran New York ba su da shi. Da wuya ka yi tafiyar minti biyar a Nima ko Mamobi ba ka ji ƙarar keken ɗinki ba. Daga tsakiyar azumi zuwa daren Sallah, ƙarƙashin teburin kowane tela cike yake da ƙyallayen atamfa da shadda da leshi, waɗanda ƙarshensu shara. Abin da Mattel ke sayarwa da dala, wato kayan canzawa, mu a ƙasa muke tattake shi. Da irinsa Haneefah Adam ta fara, kuma da irinsa aka yi fukafukan dokin nan na ɗakin A'isha.

A Sallar bara na saya wa 'yar ƙanwata wata 'yar tsana mai batir, irin wadda ke waƙa da Turanci tana juya kai idan an danna cikinta. Kwana biyu gidan bai huta ba, ita kuma ba abin da take yi sai dannawa da kallo. A rana ta uku abin ya yi shiru. Ta kawo mini ta ce, "Kawu, ta mutu." Na ce zan sayo batir, na manta.

Bayan kamar mako biyu na koma gidan, na tarar da su huɗu a bakin ƙofar makwabciyarsu mai ɗinki. An cire wa 'yar tsanar guntun siket ɗin da ta zo da shi, an naɗa mata zani na ragowar leshi ruwan goro, an yafa mata mayafi, an zana mata lalle da biro a hannun roba. Sunanta ya koma Amariya. Marfin kwalba ne kwanonin gara, ɗaya daga cikin yaran ita ce uwar ango, tana ta ƙorafin cewa kayan ɗaki ba su cika ba. Na ce ga batir na kawo. 'Yar ƙanwata ta ɗago ta dube ni, ta ce in ajiye tukuna, amarya ba ta magana ranar biki.